Kofur Bukar da Taliyar Japan

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar Kofur Bukar ta Moduganari ya san dokarsa ta farko: da zarar an dire maka kwano, gaisuwa ta ƙare. A Yerwa fa, wato Maiduguri! Garin da mutum zai tare ka a tsakiyar hanya ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi akuyarka da ta yi ɓari bara, sannan ya sake komowa farko. A nan ne wannan bawan Allah ya buɗe wurin sayar da abinci, ya ce ba a gaisawa. Yana ajiye maka kwanon sai ya tsaya a kanka, hannu a ƙugu, ya ce, "Ci! Tana mutuwa!"

Taliyar yake nufi. A wurinsa rai gare ta, kuma ran bai wuce ka ƙirga ɗari ba daga sa'ad da aka tsame ta.

Ni ɗan ƙanwar mahaifinsa ne, wato taubasai muke, ya ba ni shekara goma sha biyu. Ina ce masa Ya Bukar. Shi kuwa tun da na kama fartanya a Konduga bai ƙara kirana Modu ba, sai Sarkin Noma, kuma ba don yabo ba.

Ga waɗanda suka taso ba su tarar da farkon labarin ba, Ya Bukar yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, ba Bama ta nan Borno ba, ta can ƙasashen Asiya. Da aka gama yaƙi sai aka sa shi gadin fursunonin Japan. A cikinsu akwai wani wanda sunansa ya gagari harshen Ya Bukar, sai ya raɗa masa Gajere. Gidan su Gajere gidan masu sayar da abinci ne tun kakanni, kuma abu ɗaya tak suke sayarwa, wata taliya da ake yi da hannu, ana ce mata soba. Ba da alkama ake yinta ba, da garin wata baƙar ƙwaya mai kusurwa uku ake yi. Gajere ya samo ƙwayar a wajen mutanen kan dutse, ya niƙa, ya murza da kwalba, ya yanka, ya dafa a gwangwani, ya miƙa wa mai gadinsa. Shi ke nan, an gama da Ya Bukar. Wasu sun dawo daga Bama da lambar girma, wasu da agogo, namu ya dawo da ƙafa ɗaya mai ɗingishi da zancen taliya.

Ku da kuka ga aikin kun san ba wasa ba ne. Katakonsa ya kai faɗin ƙofa, ba mai taɓa shi. Zai kwaɓa garin alkama da ɗan garin dawa da ya gasa, ya murza da wata doguwar sanda har sai ya yi laushi kamar ƙyalle, ya ninka, ya ɗauko wuƙar da maƙeri ya ƙera masa sau huɗu kafin ya karɓa, ya yi ta yankawa siri-siri, ƙwas, ƙwas, ƙwas. In ta dahu ya tsame ya ɗauraye da ruwan randa. Da sanyinta ake ci! Sai ɗan romo a gefe, na banda da daddawa, wanda za ka riƙa tsomawa. Mutanen da suka saba da taliya da mai da yaji suka ce lallai yaƙi ya taɓa shi. Amma suna faɗa suna dawowa.

Wata rana ina zaune Alhaji Mustafa, babban dillalin shanu, ya shigo da babbar riga da ƙamshin turare. An dire masa kwano ke nan sai ga amininsa zai wuce ta ƙofar rumfa. Ai kuwa Alhaji ya manta inda yake.

"Lale, lale! Wushe, wushe! Ina gida? Ina yara? Yaya muka ji da zafi?"

Ya Bukar ya ce, "Alhaji, tana mutuwa."

Alhaji ya ɗaga masa hannu alamar ya dakata. "Ina labarin ƙafar Hajiya? To madalla. Wushe, wushe."

Ba a kai ga gaisuwar surukai ba Ya Bukar ya sa hannu ya ɗauke kwanon, ya tsaya a gaban Alhaji ya zuƙe taliyar tas, ya shanye romon. Alhaji ya juyo ya ga tabarma wayam.

"Kofur, ina abincina?"

Ya Bukar ya shafa ciki ya ce, "Ta rasu kana gaisuwa, Alhaji. Na riga na binne ta. Sai dai ka yi mini ta'aziyya."

Mun zaci Alhaji ba zai ƙara taka wurin ba. Kashegari sai ga shi. Ya tsaya daga tsallaken hanya ya gaisa da kowa, har da mai rake, sai da ya ƙoshi da gaisuwa sannan ya tsallako ya zauna kamar kurma.

Doka ta biyu, ba yaji. Wannan ita ce ta haɗa shi da Mista Eze, wani Inyamuri mai shagon kayan keke, wanda kullum da azahar sai ya zo. Yana son taliyar, amma kullum sai ya yi ƙorafi.

"Kofur, ni lafiya na ƙalau. Me ya sa kana ba ni abinci na asibiti?"

"Yaji yana rufe ɗanɗanon gari."

"Gari ba shi da ɗanɗano, Kofur. Gari ne."

Sai Eze ya fara shigowa da yaji a ƙulle cikin takarda. Ya Bukar ya kama shi a aljihu. Ya koma sa shi a cikin hula, aka kama. Ya koma safa, nan ma aka kama, don Ya Bukar ya ce wanda ya caje fursunonin Japan ba mai facin taya ne zai ɓoye masa abu ba. Har ta kai in Eze ya iso ƙofar rumfa sai ya ɗaga hannuwa sama da kansa. Rannan sai ya shigo aka caje shi ba a sami komai ba, amma idanunsa jawur, hawaye na zuba, hanci na yoyo. Ashe tun daga waje ya tauna barkono uku ya ajiye a kumatu. Muka tsaya muna jiran ɓarkewar faɗa. Ya Bukar ya dube shi ya daɗe, sannan ya dire masa kwano.

"Bakinka naka ne, kwano nawa ne. Ci, tana mutuwa."

A kan haka aka yi sulhu. Shekara da shekaru Eze yana shiga rumfar nan yana kuka, baƙi suna tsammanin mutuwa aka yi masa.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, ita ce mahaifiyata, gwaggonsa. Na kawo ta Yerwa ganin likita muka biya. Ya shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ya kawo kwano, ya ce bari ya nuna mata yadda ake ci. Ya ɗebo, ya tsoma, ya ja, zuuut! Har kajin bayan rumfa sai da suka firgita.

Ta ce, "Subhanallahi! Bukar, a gidan wa ka koyi wannan?"

"Gwaggo, haka ake yi. In ba ka ja da ƙara ba ka raina mai dahuwa."

"To ni na raina shi."

Ta sa hannu ta ci abinta a hankali, tana yi tana tambayarsa lafiyar kowa, shi kuma yana tsaye yana murza yatsu, ba halin ya ce tana mutuwa. Da ta gama ya kawo mata ruwan da aka dafa taliyar a ciki, don shi ba ya zubar da ko ɗigo, ya ce duk amfanin yana nan, dole kowa ya sha kafin ya tashi. Ta leƙa ƙoƙon ta ce, "Ni na yi maka wanka kana jariri, yau ni za ka ba ruwan wanke-wanke?" Ta miƙa mini, ni na shanye don a zauna lafiya.

Amma abin da ya fi ɓata masa rai shi ne yabo. Ka ce, "Kai Kofur, yau ta yi daɗi," sai ya haɗe fuska ya ce, "Ba ita ba ce. Ba ku taɓa cin ta ba. Wannan 'yar riƙo ce." Muna dariya, muna cewa mutum ya ƙi jinin a yabi abincinsa. Ni kaɗai na san da gaske yake, don ni ya kai bayan rumfa ya nuna wa abin da yake ɓoyewa.

Ashe ranar da za su rabu Gajere ya ba shi ƙwayar nan cikin gwangwanin taba. Da ya dawo gida ya shuka a tsohon daro, goma sha ɗaya suka tsiro. Tun daga nan duk lokacin sanyi sai ya shuka a darurruka, ya yi musu inuwa da zana, ya yi ban-ruwa da moɗa, ya yi gadin kaji da sanda. Abin da ya girba ba ya niƙa ko ƙwaya ɗaya, sai ya adana ya sake shukawa. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki kafin irin ya cika mudu guda. Burinsa ɗaya ne a duniya, ya ga abin nan a gona, ya sami buhu ko da ɗaya ne, ya niƙa, ya dire wa mutanen Yerwa ta gaskiyar ko sau ɗaya.

Ya ce, "Sarkin Noma, a daro fursuna ne. Ina so in gan shi tsaye a ƙasar Allah, yana shan ruwan sama. Za ka iya?"

Ni kuwa lokacin kaina yana hayaƙi, gerona ya fi na kowa a unguwarmu. Na ce, "Ya Bukar, ni da nake noma abin da mutane ke ci, ciyawar Japan ce za ta gagare ni? Kawo."

Ya ce, "In rage kaɗan?"

A nan ne na yi kuskuren farko. Ko wace tsohuwa ka tambaya a Konduga za ta gaya maka ba a juye iri duka a ƙasa, sai an bar na baya. Shi soja ne, bai sani ba. Ni na sani. Amma don kada ya ga kamar ina shakkar hannuna sai na ce, "Rage me? Kawo duka, in cika maka rumfar nan da buhuna har Eze ya rasa wurin zama." Ya juye mini mudun nan a jakar fata, ya ɗaure da kansa, ya rako ni har tasha yana ɗingishi, yana ce wa direba kada ya shiga rami.

Da damina ta zauna, bayan noman fari, na ware wani ɗan fili a gefen gerona na shuka. Wallahi bai yi gardama ba. Kwana huɗu ya fito. Kafin wata ya cika ya kai mini gwiwa, kara ja, ganye lif-lif, sannan ya fara fure. Na aika wa Ya Bukar da cewa na shuka, ban ƙara komai ba, don ina so ya zo ya gani da idonsa. Shi da ba ya rufe rumfa ko ranar Sallah sai ya aiko cewa zai rufe ta yini guda, ran Juma'a ta sama.

Abin da ban yi ba shi ne gaya wa mutanen garinmu. Kunya nake ji. Duk Konduga an san ina da ɗan'uwa a birni mai ba mutane taliya da sanyi, ana tsokanata da shi a dandali. In aka ji na ware masa gona ina renon ciyawa, na shiga uku da samari. Sai na yi gum. Wanda ya tambaya na ce wuri ne da ban kai ga nomewa ba.

Sai lokacin maimai ya zo na kira gayya. Kun san gayya, samari talatin, makaɗi yana zuga su, kowa yana so a ce shi ya fara kai gaci. Na yi niyya in sun kusa gefen nan in je in tsaya in ce a bar mini wurin. Amma aka kawo fura, dattawa suka zauna a gindin tsamiya, aka shiga yabon gerona, ni kuma na miƙe ƙafa ina karɓa. Ban farga ba sai da na ji guɗa, wani yaro ya rugo yana haki ya ce, "Modu, har wannan dajin ciyawar da ta fi ƙarfinka mun gyara maka!"

Na je na tarar da shi kwance, an kife shi da ƙasa, kan furen kawai ke leƙowa. Ƙwaya ko ɗaya ba ta kai ga nuna ba. Samari suna tsaye suna jiran godiya. Kuma na yi musu, Allah ya gani, na ce sannunku da aiki.

Ban jira Juma'a ba, ran Laraba na hau mota na tafi Yerwa. Tun daga Konduga nake shirya gaskiya a bakina. Na same shi yana yanka, ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe yadda ban taɓa gani ba, har ya ajiye wuƙa, shi da ko gobara ba ta sa shi ajiye wuƙa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya Bukar, bai fito ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Na jira, na tona, duk ya ruɓe."

Na so ya zage ni. Da ya kira ni jaki, ya jefe ni da sandar murji, da na sami sauƙi. Sai ya zauna a kan turmi ya ce, "Ni ne. Bana a kan kwanon rufi na shanya shi, don kaji. Rana ta dafa shi. Gajere ya ce a inuwa, ya faɗa mini sau biyu." Ya dubi hannuwansa ya ce, "Ka yi haƙuri, Sarkin Noma, na sa ka wahalar banza."

Ni ya ba haƙuri! Kuma na karɓa, na ce ba komai, haka Allah ya so.

Bai rufe rumfa ba, bai sassauta doka ba, Eze bai daina kuka ba. Amma ya kife darurrukan nan ya bar wa kaji. In aka yabi taliyar sai ya ce madalla, ya juya baya. Ku kuka ce Kofur ya yi hankali da tsufa. Ni kuwa na san ba tsufa ba ne. Shekara bakwai ina zuwa, ina kawo masa alkama da banda, ina cewa yau zan faɗa, ina komawa da abina.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Yerwa ciwon ƙafar ya kwantar da shi. Na zo dubiya da hantsi na same shi a zaure, ya rame, an jingina shi da bango. Muna cikin hira sai ya ce, "Jiya na yi mafarkin kwanon rufin nan. Mutum ya riƙe amana shekara goma sha biyu, ya kashe ta a yini ɗaya."

Nan na kasa. Na ce, "Ya Bukar, ba kai ka kashe ba." Na kwashe duka na gaya masa, fitowar, da kunyar, da furar, da samarin, da godiyar da na yi musu. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya.

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ya fito?"

"Ya fito."

"Duka?"

"Ban ga gurbin da ya ƙi ba."

"Da ruwan sama kawai? Ba inuwa?"

"Ba inuwa, ba moɗa."

"Ina ya kai maka?"

Na nuna gwiwata. Ya ce in tashi tsaye in nuna sosai. Na tashi, ƙato da ni, da furfura a gemu, na dafa gwiwa.

"Furen fa?"

"Fari fat, Ya Bukar. Tun daga hanya ake hango shi. Ƙudan zuma kuwa har sai da na ji tsoron shiga."

Ya rufe ido, hawaye suna gangarowa cikin gemunsa, amma bakinsa murmushi yake. Ya ce, "Ashe ya tsaya." Ya sake cewa, "Ashe ya tsaya a Konduga."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Na fartanyar na yafe, samari ne da ganga. Amma kai jakin ina ne, Modu? Ka ga abu irin wannan da idonka, ka hana ni labarinsa shekara bakwai?"

Ran nan kaɗai ya kira ni da sunana. Na shekara bakwai ɗin bai ce ya yafe ba, ni kuma ban sami ƙarfin sake tambaya ba. Ya ce in zauna in sake ba shi labarin tun daga ranar shuka, kada in tsallake komai. Sau uku na ba shi kafin azahar. Na ce zan dawo wani mako, ban kai ga dawowa ba aka aiko.

Allah ya jiƙan Ya Bukar, ya kai haske kabarinsa, ya sa ya huta da ciwon ƙafa. Allah ya ba shi gona a inda ba a nome wa mutum abin da ya shuka. Ni kuma ku taya ni roƙo, in mun haɗu ya ƙarasa yafe mini. Amin.